Yaron Nan Na Makaranta

Shekarun baya can, tun gemuna bai yanke shawarar fitowa ba, aka ɗauke ni aikin koyarwa, aka tura ni wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a wani ƙauye da ke kan hanyar Bulkachuwa. Daga Azare nake zuwa kullum. Wani abokina da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyen gaba shi yake goya ni a mashin ɗinsa, ya sauke ni a bakin titi in ƙarasa da ƙafa. Lissafi nake koya wa 'yan aji uku.

Waɗanda suka san ni yanzu da wannan tumbin ba za su yarda ba, amma a lokacin ni ɗan firit ne. Ga gajarta, ga rama, ga fuska sumul ba ko gashi ɗaya. A cikin ajina akwai samarin da in na tsaya kusa da su sai na ɗaga kai kafin mu haɗa ido. Wasunsu ma ina zargin sun girme ni, don yaran ƙauye da na ruga ba da wuri ake sa su boko ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin kuwa, mahaifiyata ce ta jawo shi ba da saninta ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma tana cikin matan da suka riƙe alkunya da gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce "kai", in tana maganata da wani sai ta ce "wancan". Mahaifina kuwa ina firamare ya rasu. Ranar da na sami aiki ba ta ce mini barka ba, ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafar da take yi ba. Amma bayan 'yan kwanaki sai ga ƙanwata da ƙunshi, ta ce, "Inna ta ce a ba wancan." Na buɗe na ga farin yadi, an ɗinka jamfa da wando har kala biyu. Na san abin da ta sayar kafin ta sayi yadin nan, don haka babu maganar ƙin sawa. Sai da na je makaranta na ga ashe kayan ɗalibai maza ke nan: farar jamfa, farin wando, da hula.

Ranar farko maigadi ya tsayar da ni cikin 'yan makara. Ina ƙoƙarin yi masa bayani, wani shugaban ɗalibai ya miƙo mini tsintsiya ya nuna mini inda zan fara. Shugaban makaranta ne ya cece ni, shi ma sai da ya gama dariyarsa tukuna. Daga ranar malamai suka raɗa mini suna Auta. Ni da nake babba a gidanmu, na zama auta a wurin aiki.

Abin yana ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Babu dabarar da ban yi ba. Na ari babbar rigar abokina, na shiga aji ina jan ta a ƙasa, hannunta yana goge abin da na rubuta a allo. Na sayi tabarau wanda ba na magani ba. Na jera jan biro a aljihun gaba don a san mai duba aikin yara ne. Na koyi ɗaure fuska, har da yawo da bulalar da ban taɓa dukan kowa da ita ba. Duk da haka mai ƙosan bakin makaranta ba ta daina ce mini "yi sauri kar malaminku ya riga ka shiga" ba.

Saboda tsokanar da ake yi mini a ofishin malamai, in ba ni da darasi sai in tafi bayan azuzuwa in zauna. Akwai wata bishiyar maina a can kusa da famfon tuƙa-tuƙa, makarantar kuma ba ta da katanga ta wannan ɓangaren, hanyar da mutanen ruga ke bi zuwa kasuwa ta nan ta ratsa.

Wata rana bayan an gama girbi, ina zaune a gindin mainar nan cikin farin yadin Inna, sai ga wani dattijon Bafulatani. Dogo ne siriri, da malafa, da sanda a kafaɗa, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ya wuce ni, ya tsaya ya dubi azuzuwa, ya dawo, ya sake wucewa. A zuwa na uku ya tsaya a kaina.

Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini a gida. Ya amsa, sannan ya ce, "Kai yaro, kowa yana ciki kai kana waje. Koro ka aka yi?"

Na ce, "A'a Baffa, ai ni..."

"To, to, ba ruwana. Ungo butar nan, ɗebo mini ruwa."

Na karɓi buta na tafi famfo ina tuƙawa ina ƙunƙuni a zuci. Na ce bari in kawo masa ruwan, in ya sha sai in gaya masa ko ni wane ne, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Har na fara jin daɗin abin tun kafin ya faru.

Ya wanke fuska, ya kurkure baki, ya sha. Ya zauna a kan saiwar bishiyar ya miƙe ƙafar da ke damunsa, ya nuna mini ƙasa kusa da shi. Na zauna. Ya tambaye ni daga wane gari nake, na ce Azare. Ya ce to me ya kawo ɗan birni karatu ƙauye, ko ban ji magana ba ne aka turo ni. Ya tambayi ko ana ba mu abinci. Ya yi maganar damina, ya yi maganar tsadar dusa. Duk lokacin da na buɗe baki zan gyara masa, sai ya riga ni da wata tambayar. Can sai ya kafa wa ƙasa ido, yana zane da bakin sandarsa.

Ya ce, "Aji nawa kake?"

Na ce, "Aji uku nake shiga." Wannan dai ba ƙarya ba ce.

"Yawwa. Akwai wani yaro a nan." Ya yi nuni da haɓa wajen azuzuwan, bai dube su ba. "Daga wajenmu yake zuwa."

Na ce, "Mene ne sunansa, Baffa?"

Sai ya kawar da kai gefe, kamar bai ji ba. Ya gyara zaman malafarsa. Ya ce, "Dogo ne. Da tabo a nan, inda karsana ta taɓa shurinsa."

Wannan kawar da kan na san shi. A gidanmu na tashi ina ganinsa. Haka Inna take yi in baƙuwa ta tambaye ta ina babban ɗanta. Nan take na gane abu biyu: na gane yaron, don ɗalibina ne, yana zama a layin baya kusa da taga, na kuma gane cewa mutumin nan mahaifinsa ne, yaron kuma ɗansa na fari. Dattijon da ba zai iya furta sunan ɗansa ba, ba zai taɓa iya shiga ofis ya zauna gaban malamai ya ce ya zo tambayar labarin ɗansa ba. Shi ya sa yake ta kai-komo a bayan azuzuwa. Yaro yake nema, wanda ba a jin kunyarsa.

Na ce, "Na san shi."

Ya ce, "To ka ji abin da ya kawo ni. Shanunmu za su yi kudu cikin kwanakin nan, ciyawa ta ƙare a nan. Ƙanena ne yake kai su, amma mutum ɗaya ba ya iya musu. Dā ni nake binsa. Ka ga ƙafar." Ya daki gwiwarsa a hankali. "Ƙannen yaron ba su kai ba. 'Yan'uwa sun taru sun ce a cire shi ya bi shanu. Sun ce bokon nan, yaro ya gama bai zama ma'aikaci ba, kuma ya dawo bai iya kiwo ba, an yi asara biyu. Ni kuma na ce a bari in ji tukuna. In kansa ba ya ɗauka, gobe ba zai zo ba. In yana ɗauka..." Bai ƙarasa ba.

Na ce, "Baffa, da kun ga malamansa ai..."

Ya yi wata 'yar dariya. "Malamai? Na taɓa aiko kawunsa. Suka ce masa alhamdu lillahi, yana ƙoƙari. Malami ko jaki ka kawo masa ka tambaye shi, cewa zai yi yana ƙoƙari. Ba sa son ɓata wa mutum rai. Amma yaro ya san yaro. Kai ka zauna da shi. Tsakaninka da Allah, ka gaya mini."

Na farko dai gaskiya ya faɗa, don da a ofis ya same ni, da tabarau da jan biro, wallahi abin da zan ce masa ke nan: yana ƙoƙari. Na biyu kuma, lokacin gyara masa ya riga ya wuce. Da tun wajen ɗibar ruwa na faɗa, da dariya za a yi a wuce. Yanzu kuwa ya riga ya buɗe cikinsa. In na ce masa ni ne malamin, kamar na yaye masa riga a tsakiyar kasuwa ne.

Sai na yi abin da ya roƙa. Na gaya masa gaskiya, irin wadda ban taɓa gaya wa uban wani ɗalibi ba.

Na ce ba shi ne na ɗaya a aji ba, bai ma kusa ba. Na ce Turancinsa da saura, in aka ce ya yi karatu a fili sai ya riƙa in'ina yara suna dariya. Na ce darasin farko da safe yawanci gyangyaɗi yake yi.

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce, "Sai ya yi tatsa yake tahowa. Kuma da nisa."

Na ce amma akwai abu ɗaya. Na ba shi labarin ranar da aka fito da shi gaban allo ya yi wani lissafi ya faɗi, aji ya kwashe da dariya, malami ya ce ya je ya zauna, ya ƙi. Ya tsaya da allinsa a hannu, ya goge, ya sake, ya sake faɗuwa, ya goge. Aka kaɗa ƙararrawa yara suka fice, shi yana tsaye. Malamin ma ya gaji ya zauna yana kallonsa. Bai bar gaban allon nan ba sai da ya ci. Washegari kuma aka gan shi a nan gindin bishiyar yana koya wa waɗanda suka yi masa dariya. Na ce, "Baffa, akwai waɗanda suka fi shi saurin ganewa, amma su in abu ya yi wuya sakinsa suke yi. Shi ba ya saki. In aka bar shi zai kai inda ba su kai ba. Wannan shi ne abin da na sani."

Sandar ta daina zane. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa har sai da na matsa.

Ya ce, "Haka yake tun yana ƙarami. In ɗan maraƙi ya ɓace, kowa ya haƙura ya dawo, shi sai ya zo da shi." Ya ɗan yi murmushi. "Da yamma yakan zauna wajen kakarsa yana karanta mata abin da aka koya musu. Ita ba ji take yi ba. Ni kuma sai in zo bayan zana in tsaya kamar ina gyaran igiya. Ni ma ba ji nake yi ba. Amma ina son in ji muryar." Ya share fuska da tafin hannu. "Ranar da aka fara kawo shi nan, na biyo su daga nesa har bakin waccan gonar. Bai sani ba. Kai ma kar ka gaya masa."

Na ce ba zan faɗa ba. Ina saurarensa ina tunanin Inna da tsintar shinkafarta. Ban taɓa tambayar kaina ko ita ma tana da nata bayan zanar ba.

Sai ya gyara murya, kamar mai son ya kori abin da ya faɗa. Ya ce, "Akwai wani malami da yake yawan ambata wa kakar tasa. Na lissafi. Wai shi ba ya duka, wai in ba ka gane ba sai ya sake. Dattijo ne?"

Na ce, "A'a, bai manyanta ba sosai."

"Yana da ilimi kuwa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "To... yana ƙoƙari."

Dattijon ya tuntsire da dariya har malafarsa ta zame. Ya ce, "Ka ji ɗan banza! Kai ma ka koyi maganarsu!" Ya kai hannu ya dafa kaina ya girgiza, kamar yadda ake yi wa yaro in ya yi abin ban dariya. Rabon da wani babba ya dafa kaina haka, tun mahaifina yana da rai.

A lokacin babu abin da nake roƙo sai Allah ya sa ya tashi ya tafi kafin a fito hutun tara. Na ma fara ce masa rana tana yi, kasuwa za ta ci ba shi. Ya miƙa hannu zai ɗauki butarsa ke nan, sai na ji an daki ƙarfen nan da muke ratayewa a matsayin ƙararrawa.

Yara suka ɓarko, kuma famfo suka nufo. Na farkonsu suka gan ni suka rage gudu, suka rusuna. "Sannu Malam." "Barka da hutawa Malam." Dattijon ya waiga bayansa yana neman malamin da ake gaisarwa. Babu kowa a bayansa sai gonar dawa da aka girbe.

Sannan ga ɗalibin nawa, dogon nan mai tabo. Ya taho da littafi a hannu, da alama tambaya ya kawo. Ya ga wanda ke zaune kusa da ni, ya tsaya cak. Bai gai da mahaifinsa da baki ba, sai ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Malam, dama aikin jiya ne ban gane ba. Na dawo an jima."

Ban taɓa ganin fuska ta canza kamar yadda ta dattijon nan ta canza ba. Ya dubi farar jamfata, ya dubi ta yaran, ya dubi butar da na ɗebo masa ruwa, ya dubi hannunsa da ya dafa kaina da shi. Ya dogara sanda ya miƙe da ƙyar. Sai na ga yana neman rusunawa, da wannan ƙafar tasa. Na yi maza na riga shi kaiwa ƙasa.

Ya ce, "Malam, a gafarce ni. Ban sani ba."

Na ce, "Baffa, ni ne zan nemi gafara. Don Allah ku tsaya ku ji..."

Bai tsaya ba. Bai dube ni ba, bai dubi ɗansa ba. Ya saɓa sandarsa ya kama hanya, ba ta kasuwa ba, ta inda ya fito. Butar ma a nan ya bar ta.

Washegari kujerar kusa da taga babu kowa. Rana ta biyu ma haka.

Malamai da suka ji labari dariya suka yi ta yi, wai Auta ya zama ɗan aiken Fulani. Ni kuwa abinci ma ba ya shiga. Gani nake na kashe wa yaron nan karatu. Mutum mai kunya irin wannan, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, sannan ya gano a gaban malamin ɗansa ya faɗa, kuma a idon yara. Ta yaya zai bar ɗansa ya ci gaba da zama gaban wannan malamin kullum? A kwanakin nan garken shanu suna ta tsallaka titi suna yin kudu. Duk garken da muka tarar sai in ce wa abokina ya rage gudu, ina leƙen masu korar ko zan ga dogo mai tabo.

Na yanke shawarar in nemi rugarsu in je in ba da haƙuri. Da yamma ina ba ƙanwata labarin a tsakar gida, da ƙarfi yadda Inna za ta ji, don haka muke hira da ita. Tana bakin murhu, ba ta juyo ba. Sai da na gama ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa wancan kar ya je. In ya je, mutumin sai ya sake jin kunyar daga farko, kuma a gaban iyalinsa. Ya bar shi. Abin da zai ji ai ya riga ya ji."

Na haƙura ba don raina ya so ba. Na ɗauki butar na ajiye a ofis.

An shiga wani mako, har na fara cire rai, na shiga aji da safe sai na gan shi a kujerarsa. Ya yi baƙi, ya rame, leɓɓansa sun bushe. Na yi kamar ban gan shi ba, na juya ga allo, don kada yara su ga fuskata. Da aka tashi tara ya same ni a gindin maina da wani ɗan kwano an ɗaure shi da tsumma. Ya durƙusa ya ajiye.

Na ce, "Ina ka shiga?"

Ya ce, "Rakiya na yi, Malam. Na taya su kora har suka yi nisa, sai Baffa ya ce in juyo."

"Wa ya bi shanun?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi ya bi."

"Da ƙafar?"

"Da ita. An yi an yi ya ƙi. Ya ce kada wanda ya sake yi masa maganar."

Na kwance tsumman. Man shanu ne, cike da kwanon. Na ce, "Wannan fa?"

"Kafin su tafi ya ce a kawo."

"Ya ce a kawo wa wa?"

Yaron ya yi ta murza yatsu, ya rasa yadda zai yi. Na ce ya faɗa kawai yadda aka faɗa masa. Ya ce, "Ku yi haƙuri Malam. Cewa ya yi a kai wa yaron nan na makaranta."

Na kai man gida na ba ƙanwata ta miƙa wa Inna, na maimaita saƙon yadda ya zo. Inna ta buɗe kwanon ta duba, ta rufe. Ta ce, "To. Wancan ya yi uba." Ban gane maganarta sosai ba a ranar.

Sai da tafiya ta yi tafiya na gane. Da damina ta faɗi suka dawo, na haɗu da dattijon a kasuwa. Na tafi da sauri na durƙusa. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, fuskarsa tana kallon wani wajen, ya wuce. Abokina ya ce, "Mutumin nan har yanzu fushi yake da kai." Amma bayan kwana kaɗan sai ga nono an aiko. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Bai sake ce mini Malam ba, bai taɓa tambayar sunana ba, bai taɓa zama inda nake zaune ba. Da na yi aure sai ga ɗan rago an jawo, ba tare da wani bayani ba. Kunyar da yake yi wa ɗansa ita ya raba mana.

Ɗalibin nawa ya gama, ya wuce gaba, da faɗuwa da tashi kamar yadda ya saba. Yanzu malamin dabbobi ne, rugage suna kiransa tun daga Gadau har Itas. Ni kuma aka yi ta canza mini makarantu, gemu ya fito, ya yi furfura, tumbi ya zo. Yau babu mai miƙo mini tsintsiya. Wani lokaci har kewar abin nake yi, don tunda na fara kama da malami, iyaye suka daina gaya mini abin da ke ransu. Abu ɗaya dai na riƙe daga ranar nan: in uba ya tambaye ni labarin ɗansa, ba na ce masa yana ƙoƙari. Nakan ja shi gefe, inda babu kowa, in gaya masa mai daɗin da marar daɗin. In kuma na ga wani dattijo yana kai-komo a bayan azuzuwa, ba na aika a kira shi ofis. Fita nake yi in same shi.

Bara waccan ɗalibin ya kira ni a waya ya ce Baffa ya rasu. Na shirya na tafi rugar, karo na farko a rayuwata. Na tarar da mutane a ƙarƙashin wata tsamiya, 'yan'uwa a tabarma ɗaya suna karɓar gaisuwa, baƙi a ɗaya. Na yi ta'aziyya na koma cikin baƙi na zauna, da babbar rigata da furfurata.

Wani tsoho a cikin masu karɓar gaisuwa, ƙanen marigayin, wanda suke kai shanu kudu tare, ya yi ta kallona. Ya tambayi ɗalibina ko wane ne. Ya ce masa, "Malamina ne na sakandare." Tsohon ya gyaɗa kai kawai, bai gane ba. Sai ɗalibin ya matsa kusa da kunnensa ya ce, "Shi ne yaron nan na makaranta."

Tsohon ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya tako har inda nake, ya kama hannuna da nasa biyu. Ya ce, "Ashe kai ne. Shekarar da ya bi mu da ciwon ƙafa, in dare ya yi ciwo ya hana shi barci, ina yi masa faɗa, sai ya ce mini yaron nan na makaranta ya ce in aka bar ɗan nasa zai kai. Ba shekarar da za mu dawo bai tambayi lafiyarka ba." Sannan ya ja hannuna. "Tashi daga nan. Nan wurin baƙi ne."

Ya kai ni tabarmarsu, ya zaunar da ni kusa da ɗalibina, kafaɗa da kafaɗa. Har rana ta faɗi mutane suna zuwa suna miƙo mini hannu suna cewa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifinku." Ni kuma ina amsawa da amin.